Ruwan Kashe Gobarar Lammert

Lammert Wiersma ya rasu makon jiya. An binne shi, an dawo zauren coci an sha gahawa da yankan kek, kamar yadda ake yi wa kowa. Fasto ya ce mamacin mutum ne mai tawali'u wanda bai taɓa son a gan shi ba. Faston sabo ne, kuma rabin maganar tasa gaskiya ce. Ni shinge ɗaya ya raba gidana da na Lammert tun muna da haƙoranmu, saboda haka bari in faɗi ɗaya rabin.

A nan ƙauyenmu aka haife shi, a arewacin Holan, a ɗan gidan da ke jikin gidan famfo, domin ubansa ne mai kula da injin kafin shi. Duk wanda ya zauna a nan ya san in injin nan ya yi barci, a cikin ruwa za mu karya kumallo. Lammert ya gaji aikin, ya gaji hular, ya gaji ɗaure fuskar. Tun yana saurayi har ya yi furfura abu ɗaya ya yi: ya janye ruwa daga magudanun gonaki ya watsa shi bayan madatsa. Bai taɓa ɗaukar ruwa a matsayin abin sha'awa ba. In ka ba shi a kofi sai ya shanye da sauri, kamar yana tsoron kada ya ƙaru. Bai iya iyo ba, kuma yana alfahari da hakan.

Bayan ruwa, abin da ya fi tsoro shi ne a yi maganarsa. A garinmu za a iya yafe wa mutum shaye-shaye, a yafe masa rowa, rowa ma yabo ce, amma in aka ce "wane yana jin kansa", to ya gama yawo. Don haka keken Lammert baƙi ne, kwat ɗinsa ruwan toka, ko dankalinsa ba ya yarda ya fi na makwabta girma.

Abu ɗaya yake so a duniya, shi ne a zaɓe shi cikin dattawan coci. Bencin gaba, baƙar kwat, jakar baiko, wato ta karɓar sadakar masu ibada, a hannu. Sai dai a wurinmu duk wanda ya nuna yana so ba a ba shi. Shi ya sa Lammert ya shafe shekaru yana ƙin muƙamin da babbar murya, a gaban duk wanda zai iya ba shi.

Matarsa Martje 'yar mai sayar da kifi ce, ƙatuwar mace mai dariya da dukan jikinta. Yadda aka yi suka auri juna ban sani ba, kuma ina wurin. Da girma ya zo sai ƙugunta ya lalace, likita ya ce ta riƙa iyo. Ana cikin haka wata gwaggonta ta mutu ta bar mata gado. Ina shanya a bayan gida na ji yadda suka yi. Da Martje ba a bukatar laɓe.

"Kwamin me?" in ji Lammert.

"Na iyo, Lammert. Ba na wankin dankali ba."

"A bayan gidana? Ni da na ƙarar da rayuwata ina korar ruwa, ki sayo min shi ki kawo har gida?"

"Gadon gwaggona ne, ƙugu kuma nawa ne. Kai naka kawai ka kau da kai."

"Mutane su ce me?"

"Su ce matar Lammert ta daina ɗingishi."

Aka haƙa rami. Ranar da aka kawo abin, mota mai ƙugiya ce ta ɗaga shi ta saman rufin gidan: wani ƙaton kwano na roba mai tauri, shuɗi kamar sabon bokiti, yana lilo a sama. Babu tagar da ba kai a jikinta. Lammert ya tsaya a bakin ƙofa da hannaye a baya, duk wanda ya rage gudun kekensa sai ya ce masa, "Ajiyar ruwa ce, saboda gobara."

Mai kawo wasiƙu ya ɗaga kai ya ce, "Har da tsani mai ƙyalli?"

"Don 'yan kwana-kwana su sauka su ɗiba."

Muka karɓa. Mu mutane ne masu ladabi, ƙaryar da ba ta cin kuɗin kowa ba ma ƙin ta. Daga ranar sunan ya zauna. In na haɗu da Martje a shagon burodi sai in ce, "Makwabciya, yaya gobara?" Ita kuma ta ce, "Yau da ɗumi, ki zo da tawul." Lammert ya dasa shinge ya kewaye wurin, ya yi ta ba shi taki har ya wuce kan mutum. Shi ne abu ɗaya tak da ya taɓa bari ya fi na makwabta tsawo.

Ba a daɗe ba aka sallame shi daga aiki. An kawo injin da ke tayar da kansa ya kashe kansa, aka ba Lammert agogon bango aka tafa masa. Tun daga nan, kowace Talata da rana sai ya hau keke ya je ya tsaya a bakin wayar gidan famfo, ya saurari ƙarar injin, ya girgiza kai, ya dawo. A wannan tsakanin ne ni da wasu matan garin muke zuwa taya Martje kashe gobara. Kafin ya jingine kekensa mun tsane mun watse.

Sai hukumar ruwa ta zo da sabon tsari. Suka ce ƙasar nan kamar soso take, in an matse ta da yawa sai ta lotsa, gidaje su tsage, don haka za a bar ruwa ya ɗan hau a magudanu. Aka kira taro. Lammert ya miƙe ya ce, "Ubana bai kwana a gindin inji don a yi wa agwagi gata ba," ya ɗauki hularsa ya fita. Aka aiwatar da tsarin ba tare da shi ba. Shi kuwa bai taɓa yarda an yi ba. Magudanu suka cika har baki, ciyawa tana tsamo-tsamo, amma in yana tafe a kan keke gabansa kawai yake kallo. In wani ya yi zancen sai ya ce, "Ruwan ƙasan nan yana inda na bar shi."

Shekarar da abin ya faru, ɗaya daga cikin dattawa ya mutu, wuri ya buɗe a bencin gaba. Da kaka, dattawa biyu sukan bi gida-gida su zauna da mutane, su tambayi lafiyar ruhinka, su karanta aya, su yi addu'a, su kuma ƙare wa dardumarka kallo. Kowa ya san ziyarar gidan Lammert ta bana ba ta gaisuwa ba ce, ta dubawa ce. Matsalar ita ce falonsa yana kallon bayan gida ta wata ƙatuwar taga. Sakin labule da rana kuwa, a garin nan, daidai yake da amsa laifi. A shekarun baya yakan rufe kwamin da tamfol, dattawa su yi ta kallon silin. Bana tamfol ba zai wadatar ba. So yake abin ya ɓace.

Dabararsa ita ce ya kwashe ruwan, ya kafa ginshiƙai a ciki, ya shimfiɗa katako a sama, ya jera tukwanen furanni da ɗan benci, ya zama dandamalin shan iska irin na kowa. In an zaɓe shi, a kwashe katakon.

Martje ta ce, "Wanda ya sayar mana ya ce kada a kuskura a kwashe shi a lokacin ruwa."

"Wa? Yaron nan mai ɗan kunne? Shi zai koya min ruwa?"

"Ni dai na faɗa maka abin da ya ce."

"Ruwan ƙasa ba ya kawowa nan, Martje. Na san inda yake, ni na ajiye shi."

"To kwashe, tsohona. Ni kujera zan jawo."

Lokacin an yi makonni ana ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Ya fito da wani tsohon famfo daga rumfarsa, ya goge shi ya sa masa mai. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, har da fito, waƙar coci yake bi. Sai dai ina zai zubar? In ya ja tiyo zuwa magudanar bakin titi, kowa zai gani ya tambaya. Sai ya ja shi zuwa ƙarshen lambunsa, gindin shinge, inda ƙasa ta gangaro wajena.

Da safe na buɗe ƙofar baya, wani wari ya buge ni kamar na shiga asibiti. Lambuna ya zama tafki. Tsutsotsin ƙasa duk sun fito sun yi fari sun miƙe. Kwaɗin da suka shekara a gindin tankina na ga suna tsallaka titi a jere, ko waiwaye babu. Ga kabejina na sanyi, wanda na raina tun bazara, ina jiran ƙanƙara ta fara buge shi ya yi zaƙi in dafa da dankali. Kafin mako ya ƙare ganyen ya yi rawaya ya langaɓe kamar tsohuwar safa. Ashe kafin Lammert ya kwashe ruwan sai da ya ƙara masa kulorin, maganin nan na tsabtace ruwa, wai don kada ya zubar da ƙazanta.

Ranar Asabar da la'asar na tumɓuke guda ɗaya har da saiwa, na naɗe a jarida, na bi ta ƙofar baya kamar yadda makwabta ke yi. Na wuce sabon dandamalin. Gaskiya aiki ya yi kyau, ko ƙusa ɗaya ba ta karkace ba. Ina shiga ta baya, dattawa suna shigowa ta gaba: Sipke Talsma mai shanu, da Douwe Bruinsma, tsohon malamin makaranta wanda in ya fara addu'a sai abinci ya huce.

Lammert ya gan ni da ƙunshi ya ce, "Makwabciya, ba yanzu ba."

Martje ta ce, "Zauna, Jantina. Ga kujera nan kusa da ni, ta fi kyan kallo."

Lammert ya zaunar da baƙin suna ba taga baya. Ni da shi da Martje muka fuskance ta. Aka zuba gahawa, aka buɗe gwangwanin biskit, kowa ya ɗauki ɗaya, aka rufe. Kabejina yana kan cinyata.

Sipke ya ce, "Ɗan'uwa Wiersma, yaya zuciya?"

"Mun gode wa Ubangiji, ɗan'uwa. Tana nan a ƙasa inda ya kamata."

Douwe ya ajiye kofinsa ya ce, "Abin da ke damunmu ke nan a zamanin nan. Mutum ya samu ɗan abin duniya, sai ya ɗaga shi sama kowa ya gani."

"Abin takaici," in ji Lammert. "Ni dai ban taɓa ɗaga komai ba."

Yana rufe baki na ga tukunyar furen da ke can ƙarshen dandamali ta motsa. A hankali ta taho, kamar wadda aka kira, ta zo ta jingina da ta kusa da ita. Na kalli Martje. Martje ta kalli gahawarta. Lammert ya yi fari fat.

Ya ce, "Ko za mu yi addu'a?"

Douwe ya yi mamaki, don ko aya ba a karanta ba, amma ba a taɓa roƙonsa addu'a ya ƙi ba. Aka sunkuyar da kai. Ni tun da na tsufa ido ɗaya nake rufewa.

Douwe ya faro daga Adamu. Kafin ya iso kan Nuhu katako ya fara kuka, ƙiiii, kamar tsohuwar ƙofa. Lammert ya yi tari. Katako ya sake, Lammert ya sake tari, har da buga ƙirji. Ta taga ina ganin ƙarshen dandamalin yana ɗagowa, ƙasa tana tsagewa a gefensa, wani shuɗin baki yana leƙowa daga cikin laka. Duk ruwan da Lammert ya kora ta sama ya zagayo ta ƙasa ya haɗu da 'yan'uwansa, suka tarar da kwano fanko a zaune a kansu, suka yi masa abin da ruwa ke yi wa kwano fanko.

Douwe ya yi wa sarki addu'a, ya yi wa gwamnati, ya yi wa waɗanda ke kan teku. Benci ya silalo ya tafi da tukwane uku. Wani bututu ya tsinke da ƙara irin ta saniya in ta zaro ƙafa daga taɓo. Martje ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba. Douwe ya ji shessheƙa, ya ɗauka addu'arsa ce ta ratsa ta, sai ya ƙara mata tsawo.

Da aka ce amin, falon ya yi duhu, don wani abu ya tare hasken taga. Sipke ya juya. Douwe ya juya.

Kwamin yana tsaye a karkace kamar jirgin da ya hau tudu. Gefe ɗaya ya wuce shinge, tsaninsa yana ƙyalli a sama inda duk mai wucewa a titi zai gani. Katakai sun tarwatse, jan ruwa yana bulbulowa daga ƙarƙashi yana nufo ƙofar falo.

Sai Sipke ya ce, "Ɗan'uwa, kwashe ruwan ka yi?"

Lammert ya gyaɗa kai.

"Duka?"

Ya sake gyaɗawa.

"Da wannan ruwan saman? Kai? Lammert na gidan famfo?"

"Ruwan ƙasa ba ya kawowa nan," in ji Lammert, da wata 'yar murya. "Yana inda na bar shi."

"Inda ka bar shi! Ni tun bara shanuna a cikin laka suke kiwo har gwiwa." Sipke ya tashi ya je jikin taga ya ƙare wa ɓarnar kallo, ya dafe ƙeya. "To yanzu ranar Talata ina Aukje za ta je? Tun da ta fara zuwa nan bayanta ya daina ciwo, ni ma na samu barci."

Lammert ya ce, "Aukje? Matarka?"

Douwe ya gyara murya ya ce, "Da tawa. Har hular roba na saya mata."

Lammert ya juya ya kalli Martje. Ta share hawaye ta ce, "Kai ka ce na gobara ne, tsohona. Gobara kuwa ta kowa ce."

Na ga dai ba wanda zai tambaye ni, sai na kwance jaridar na ajiye kabejin a kan tebur kusa da gwangwanin biskit, na ce, "Ni a kan wannan na zo."

Washegari Lahadi. Ban taɓa ganin kekuna suna tafiya a hankali a ƙofar gidan Lammert irin na ranar ba. Wasu ma hanyar cocinsu ba ta nan ba ce.

Ba a zaɓi Lammert ba. An ba wani mai gyaran rufi. Daga baya na je sayen madara wajen Sipke na tambaye shi kai tsaye, don ni ba na kewaye-kewaye. Ya ce kwamin bai taɓa damun kowa ba. Ƙaryar gobara ma ta ƙara masa daraja a idonsu, don ta nuna mutum ne mai kunya. "Amma Jantina," in ji shi, "mutumin da zai zubar da ruwa mai kyau, wanda aka saya aka ɗumama, ya kuma lalata sabon katako, shi za a miƙa wa jakar baiko?" Wato ba girman kai ne ya kayar da Lammert ba, almubazzaranci ne. Da ya san haka, da ya bar ruwansa ya gayyaci dattawan su tsoma ƙafa.

Aka kira yaron nan mai ɗan kunne. Ya sa aka sake cika kwamin da ruwa har ya koma ya zauna. Sai dai bai koma daidai ba, laka ta riga ta shige ƙarƙashi. Har yau a karkace yake, gefe ɗaya ruwa iya ƙugu, ɗayan ya shanye mutum. Shingen kuma, da yake a gindinsa aka zubar da kulorin, kafin bazara ya bushe ƙurmus. Martje ta ce a dasa wani. Lammert ya ce, "Don a ɓoye me?" Ya sare shi ya yi itacen murhu.

Duk lokacin sanyin nan ba a gan shi sosai ba. Ya daina zuwa gidan famfo. Na ɗauka mutuwa zai yi, don na ga maza sun mutu a kan abin da bai kai wannan ba.

Sai wata Talata da zafi ya shigo, muna cikin ruwa mu biyar, ba shinge ba komai, muka ji an buɗe ƙofar falo. Lammert ne, da gajeren wando, fari sol kamar dankalin da aka fere, da hularsa ta aiki a ka. Aukje ta yi ƙara ta nutse har wuya.

Ya ce, "Me kuke kallo? Gidana ne."

Na ce, "Makwabci, cire hular mana."

"Ke kula da kabejinki."

Ya kama tsani ya sauka ta gefen da ba zurfi, yana riƙe da ƙarfen kamar za a ƙwace masa. Martje ta tallafe masa haɓa ta ce, "Saki jikinka, ba zai cije ka ba." Bai taɓa sakin jiki ba. Har ya mutu iyonsa kamar dambe ne, yana dukan ruwa ruwa na dukansa, rabin kwamin yana fantsamowa cikin lambuna. Amma kullum sai ya shiga, a gaban duk mai wucewa, in an tsaya kallo ya ɗaga hannu. Ranar Lahadi yakan shigo coci da jiƙaƙƙen gashi ya zauna a bencin baya yana warin kulorin. A lokacin ne garin ya fara cewa Lammert Wiersma yana jin kansa. Maganar ta kai masa, ya ce, "To."

Kabeji kuwa, kowace shekara in ƙanƙara ta fara sauka sai ya kawo min guda ɗaya daga lambunsa, ya ajiye a bakin ƙofa ba tare da ya ƙwanƙwasa ba. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ni ma ban taɓa cewa na gode ba. Kabejin ba shi da daɗi. Lammert bai iya noma ba.

A wurin shan gahawar jana'iza, Martje ta raɗa min cewa 'ya'yanta suna so a kwashe ruwan a cike ramin da ƙasa, wai ta tsufa. Na ce me ta ce musu. Ta ce ta nuna musu tsohon famfon ubansu a rumfa, ta ce duk wanda ya isa ya taɓa. Sannan ta ɗauki yankan kek na biyu, a gaban dattawa, ta ce in zo da tawul ranar Talata.